Mutumin da ke Lasifikar Hagu

A shekarar 1988 ina yaron shago a Jos, ina koyon gyaran rediyo a gefen kasuwar Taminus. Shekarata goma sha bakwai a lokacin. Aikina bai wuce sharar shago ba, da hura gawayin da muke ɗora ƙarfen narka dalma a kai in an ɗauke wuta, da kwance bayan rediyo in tara kusoshin cikin murfin gwangwani don kada su ɓace. Wata rana da hantsi wani malamin jami'a ya kawo rakoda mai lasifika biyu, ya ce ɗaya ta yi shiru. Ya bar kaset a ciki na gwaji, ya ce zai dawo bayan la'asar. Maigida ya ce, “Kai yaro, danna mu ji.”

Jita ce ta fito daga lasifikar dama, ita kaɗai, ba ganga ba waƙa. Tana zuba kamar ruwan farkon damina a kan kwano, sai ta lafa, ta koma kaɗawa a hankali kamar mai jiran a amsa masa. Can ƙasa-ƙasa ina jin wani abu na motsi, kamar ana magana a bayan katanga. Na kwance lasifikar hagu, na tarar waya ce ta rabu da dalmarta. Maigida ya miƙo mini ƙarfen ya ce, “Yau kai za ka liƙe.” Ranar ce ya fara barina in taɓa kayan mutane da wuta. Hannuna na rawa na ɗiga dalmar, na hura ta huce, na mayar da kaset baya, na danna.

Ashe mutum biyu ne. Mai amsawar yana hagu, kuma sautinsa daban yake: busasshe, ana jin itacen jitar a cikinsa. Yakan jero sauti ɗaya bayan ɗaya a guje, sannan ya watsa yatsu a kan tsirkiyoyin gaba ɗaya, ya daki cikin jitar kamar mai kiɗan ƙwarya. Wannan ya jefa, wancan ya cafe, jama'a na ihu a bayansu. Minti goma sha ɗaya da 'yan kai suka yi, ban ko gyara zama ba.

Maigida ya girgiza kai ya ce, “Waɗannan kiɗa suke yi ko kokawa? Ɗan Maraya da tsirkiya ɗaya ya fi su faɗin magana.” Ban musa masa ba, don a Jos muke, kuma kowa ya san abin da kuntigi yake yi a hannun Ɗan Maraya. Kunnenmu ya saba da tsirkiyar da ke yi wa baki rakiya. Kuntigi, garaya, gurmi, goge, duk waƙa suke goyo. Wannan kuwa tsirkiyar ce ta karɓe maganar gaba ɗaya, ba ta bar wa baki komai ba. Da malamin ya dawo na roƙe shi ya bar ni in kwafi kaset ɗin, ya yarda. A jikin nasa an rubuta da biro: Friday Night in San Francisco. Haka na kwafa a nawa, harafi bayan harafi, ban san sunan makaɗi ko ɗaya ba.

Shekara goma sha huɗu kaset ɗin nan yana tare da ni. Na gama koyon aiki, na buɗe ɗan shagona, duk rakodar da na gyara da shi nake gwada ta, domin in lasifika ɗaya na da matsala nan take yake tona mata asiri. A watan Fabrairun 2002 kasuwar Taminus ta ƙone. Shagona da kayan mutane da kaset ɗin duk suka tafi a dare ɗaya. Ba zan tsaya ba da labarin hanya ba, wanda ya bi ta ya sani. A ƙarshen wannan shekara dai na samu kaina a kudancin Sifaniya, a gonakin rumfar leda na Almeriya, ina tsinkar tumatir da tattasai cikin zafin da ya fi na Maris ɗin Sakkwato, saboda ledar ba ta barin iska ta wuce. Akwai mai gonar da ya riƙe mini kuɗin wata biyu, ya san ba ni da takarda ba ni da inda zan kai ƙara. Na bar shi da Allah. A 2005 gwamnatin ƙasar ta ba baƙin da ke da aiki damar samun takardun zama, na shiga ciki. Shekara na zagayowa wani abokina ɗan Maroko ya samo mini aiki a shagon gyaran kayan lantarki a Algeciras.

Garin tashar jiragen ruwa ne. Dare da rana ana sauke kwantena, jiragen fito na kai da kawowa zuwa Tanja da Ceuta, kuma ran da gari ya washe kana hango duwatsun Maroko da idonka. Sunan garin ma daga Larabci yake, Al-Jaziratul Hadra'u, wato koren tsibiri. Dutsen da ke tsallaken ruwa, wanda Turawa ke ce wa Gibraltar, shi ne Jabalu Ɗariƙ, inda Ɗariƙ ɗan Ziyad ya sauka a shekarar 711. Andalus ɗin da na riƙa ji a bakin malamai a zaure, ƙasarsu Imam Ƙurɗubi, ga ni a cikinta ina gyaran talabijin.

A shagon nan na haɗu da dattijon da kowa ke ce wa Maestro. Ɗan dakon tashar jirgi ne da ya yi ritaya, amma tun yana saurayi yake kaɗa wa mawaƙan unguwa jita a zaurensu na masoya kiɗan filamenko, abin da suke kira peña. Ya kawo garmaho, ya ce faifai yana jan ƙafa. Bel ne ya saki. Na canza, na ce ya ba ni faifan gwaji. Ya zaro ɗaya daga jaka, na ɗora allura. Ko daƙiƙa goma ba a yi ba na ajiye sukundireba. Shi ne. Na dama da na hagu, da ihun jama'ar, ba abin da ya canza. Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba, don abin da na gani a gabana shagon Maigida ne, da murfin gwangwanin kusoshi.

Dattijon ya dube ni ya ce, “Ɗana, ka san shi ne?”

Na ce, “Maestro, shekara goma sha takwas ina jin sa, ban san sunansa ba. Wane ne na hagu?”

Ya kama hannuna ya ja ni bakin ƙofa, ya nuna wajen tudu. “Can unguwar La Bajadilla ya tashi. Paco ke nan. Ɗan garin nan ne.”

Daga ranar na zama ɗan gida a wurinsa. Duk yammacin Asabar in na tashi aiki sai in haura gidansa, matarsa ta dafa mini gahawa, shi kuma ya fito da faya-fayai. A bakinsa na fara jin tarihin, daga baya na riƙa karantawa da kaina da Sifaniyancina ya yi ƙwari. Sunan yanka na mutumin Francisco Sánchez Gómez, an haife shi ranar 21 ga Disamba 1947. Duk mai suna Francisco a can Paco ake ce masa, to da yake Paco sun yi yawa a layi, sai aka riƙa bambanta shi da sunan mahaifiyarsa, 'yar ƙasar Fotugal, aka ce Paco na Lucía, kamar dai yadda a unguwanninmu in Audu sun yi yawa ake cewa Audun wance. Sunan ya bi shi har duniya ta san shi da Paco de Lucía. Mahaifinsa talaka ne, makaɗin jita mai kwana a wuraren shagali don ya samo na cefane. Ya cire yaron daga makaranta yana ɗan shekara goma sha ɗaya, ya zaunar da shi a ɗaki da jita, sa'o'i goma ko fiye a kullum. Maestro bai taɓa ɓoye cewa abin da tsanani ba. Yakan ce yaran unguwa na ƙwallo a waje, shi yana ciki yana maimaita abu ɗaya har yatsu su san hanya ba tare da kai ba.

Yana ɗan saurayi ya bi ƙungiyar rawa ta José Greco zuwa Amurka. A New York ya haɗu da Sabicas, babban makaɗin filamenko da ke zaune a can. Paco ya kaɗa masa abin da ya haddace na Niño Ricardo, wanda duk samarin zamanin ke kwaikwayo. Sabicas ya yaba, amma ya ba shi shawarar ya daina kaɗa na wani ya ƙirƙiri nasa. Daga 1969 kuma ya haɗu da mawaƙin nan Camarón de la Isla, suka yi ta fitar da faya-fayai tare har 1977, kuma in ka tambayi mutanen Andalus za su ce maka a tsakanin waɗannan biyun aka sake haihuwar filamenko.

Abin da ya fi tsaya mini a rai daga zaman da na yi da Maestro shi ne ranar da ya koya mini ƙirga. Ya ce in ban san compás ba, ihu kawai nake ji. Ya ɗora hannu a tebur, ya riƙa ƙwanƙwasawa da gaɓar yatsa, yana ƙirgawa zuwa goma sha biyu, yana nauyaya hannu a kan uku, shida, takwas, goma da sha biyu. Ya ce wannan ne gadon bayan kiɗan soleá da na bulería, ɗaya a natse, ɗaya a guje. Ya sa ni tafi, shi kuma ya riƙa cusa nasa tafin a tsakankanin nawa. Da farko na rikice. Can sai na tuna matan gidanmu a kan turmi ɗaya suna lugude, taɓaryar wannan na sauka ta waccan na tashi, ba mai karo da wata. Ina tuna haka hannuna ya zauna. Maestro ya buga tebur ya ce, “Yawwa! A ina ka koya?” Na ce a tsakar gida, wurin mahaifiyata.

Ya nuna mini kuma abin da yatsu ke yi. Gudun nan da na ji a Jos yatsu biyu ne kawai, manuni da na tsakiya, suna musayar taku a kan tsirkiya, ana ce masa picado. Watsa yatsun nan rasgueado ne. Dukan cikin jitar kuwa da farce ake yi, shi ya sa suke manna wata leda mai tauri a wurin don kada itacen ya huje. Faratan hannun damansa ya fi kula da su fiye da komai a jikinsa, kullum da 'yar takardar gogewa a aljihu.

To yaya aka yi ɗan La Bajadilla ya je ya zauna da mutanen jaz? Mafarin abin wani kiɗa ne da bai ma shirya ba. A 1973 yana haɗa faifan Fuente y caudal, aka ga bai cika ba, sai ya ƙaga wata rumba nan take a ɗakin ɗaukar sauti, da jitar bes ta lantarki da ƙananan ganguna a bayansa. Ita ce Entre dos aguas, ma'anarta tsakanin ruwa biyu. Ta game gidajen rediyo, har waɗanda ba ruwansu da filamenko suka san shi. Ita ta kai sunansa kunnen wani saurayi Ba'amurke ɗan asalin Italiya, Al Di Meola, wanda aka haifa a 1954 a jihar New Jersey, ya shiga ƙungiyar Chick Corea mai suna Return to Forever yana ɗan shekara goma sha tara, yana kaɗa jitar lantarki da ƙarfin rok da lissafin jaz. A 1977 ya gayyaci Paco cikin faifansa Elegant Gypsy, suka yi Mediterranean Sundance. Shi ne mutumin lasifikar dama.

A wasan San Francisco kuwa su uku ne. Na ukunsu John McLaughlin ne, Bature ɗan Ingila, haihuwar 1942. Ya yi aiki da Miles Davis a faya-fayan In a Silent Way da Bitches Brew, ya kafa Mahavishnu Orchestra a 1971 inda ya haɗa jaz da rugugin rok, sannan ya ajiye lantarki ya zauna a ƙasa da makaɗan Indiya irin su Zakir Hussain a ƙungiyar Shakti. A 1979 shi da Paco da Larry Coryell suka zaga Turai da jita uku, har suka yi wasa a Royal Albert Hall na Landan. Daga baya Di Meola ya maye gurbin Coryell. Ranar Juma'a 5 ga Disamba 1980 suka hau dandalin Warfield a San Francisco, aka naɗi wasan, faifan ya fito a 1981. Abin da ya iso shagon Maigida ke nan bayan shekara bakwai.

Wani abu da ban sani ba sai a gidan Maestro shi ne, mutumin da nake ji kamar zaki a lasifikar hagu, a tsorace yake. A filamenko makaɗi yakan zauna a gida ya sassaƙa gajerun jimlolinsa, waɗanda suke kira falseta, ya goge su, sannan ya zo ya jera su a gaban jama'a. A jaz kuwa ana yarjejeniya ne a kan jerin amon da kiɗan zai bi, sai kowa ya ƙagi nasa nan take a kai. Paco bai iya karanta rubutun kiɗa ba a lokacin, bai san sunayen amon da abokansa ke ambata ba. Da kunne yake laluben hanya a gaban dubban mutane, kusa da gwanaye biyu da suka tashi a cikin abin. Ya sha faɗa a hirarraki cewa yakan sauko daga dandali da ciwon kai da ciwon baya saboda tsananin ɗaurewar jiki. Mutumin da a ƙasarsa ba mai ja da shi, wanda a 1975 ya kai jitar filamenko Teatro Real na Madrid inda ba a saba ganinta ba, ya yarda ya koma ɗan koyo a bainar jama'a.

Da na ji wannan sai na daɗe ban ce komai ba. Na san wannan ciwon kan. Na yi shi a shekarata ta farko, ina tsaye ana yi mini magana da harshen da ban iya ba, ina karantar fuska da hannu, ina amsawa da ka. Tun daga ranar in na sa faifan ba gasar gudu nake ji ba. Baƙo nake ji a cikin mutane, yana neman hanya, bai kuma saki ƙirgar gidansu ba.

Ra'ayina, wanda na san wasu ba za su so ba: faifan San Francisco ba shi ne mafi kyawun abin da tafiyar ta haifar ba. Akwai wuraren da gudun ya yi yawa har maganar ta ɓace, kuma a nan Maigida yana da gaskiya. Sun sake haɗuwa a Passion, Grace and Fire a 1983, da The Guitar Trio a 1996, kowanne da daɗinsa. Amma ribar tana cikin abin da Paco ya komo da shi gida. Ya kafa ƙungiyar mutum shida tare da 'yan'uwansa biyu, Ramón da Pepe, da Jorge Pardo mai sarewa, da Carles Benavent mai bes, da Rubem Dantas ɗan Barazil mai kayan bugawa. A wata tafiya Peru ya ga akwatin katako da baƙaƙen fatar ƙasar, jikokin bayin da aka kwaso daga Afirka, suke zama a kai suna bugawa, ana ce masa cajón. Ya ji sautinsa ya yi daidai da dugadugan mai rawar filamenko, ya taho da shi. Yau ba ƙungiyar filamenkon da za ka gani ba akwatin nan, har yara na zaton da shi aka fara. A 1987 ya fitar da Siroco, filamenko tsantsa amma da sababbin launukan amo da ya tsinto a waje. A 1990 ya yi Zyryab tare da Chick Corea, don tunawa da Ziryab, makaɗin da ya baro Bagadaza ya sauka Ƙurɗuba a ƙarni na tara. In ka duba sunayen kiɗe-kiɗensa kuwa, rabi taswirar garinsu ce: Plaza Alta dandalin tsakiyar gari ne inda nake shan iska, Río de la Miel kogin garin ne.

Ba kowa ya yarda da shi ba. Masu tsaron gado sun ce ya sayar da filamenko, har zaman da yake yi, na ɗora ƙafa kan ƙafa ya kwantar da jitar a cinya, sun ce rashin ladabi ne. Maestro da kansa ya gaya mini cewa a 1979, da Camarón ya fitar da La leyenda del tiempo mai gangunan Turawa da jitar lantarki, ya mayar da faifan kanti ya ce a ba shi kuɗinsa. Ba shi kaɗai ya yi haka ba a lokacin. Ya ce bayan rasuwar Camarón a 1992 ya koma ya sake saye, ya zauna ya saurara shi kaɗai, ya yi kuka.

Wannan gardama na gan ta da idona a shagonmu. Jikan Maestro, saurayi mai dogon gashi, ya kawo amfilifaya ta ƙone. Da na gyara sai ya jona jitarsa ta lantarki don gwaji, ya saki bulería da 'yar robar kaɗawa, yana lanƙwasa tsirkiya tana kuka irin na bulus ɗin Amurka. Salon Raimundo Amador ke nan, wanda shi da ɗan'uwansa Rafael suka taso a unguwar talakawa ta Tres Mil Viviendas a Sevilla, suka kafa Pata Negra, suka fitar da Blues de la frontera a 1987, har daga baya Raimundo ya yi wasa da B.B. King. Wani tsoho da ke jiran rediyonsa ya toshe kunne ya ce wannan ba filamenko ba ne, hayaniya ce. Na dubi Maestro. Idonsa a rufe, yatsansa na ƙwanƙwasa kanta. Da yaron ya tsaya ya buɗe ido ya ce, “Bai fita daga sha biyu ba. Ku ƙyale shi.”

Wata Asabar kuma ya ce yau na ƙasarku zan sa maka. Faifan Songhai ne na 1988, inda samarin ƙungiyar Ketama suka zauna da Toumani Diabaté ɗan Mali da korarsa mai tsirkiya ashirin da ɗaya. Na ce masa Mali da nisa daga garinmu, amma sunan da ke kan faifan na san shi tun a aji, kuma da kora ta shigo tsakanin tafin nan na ji kamar an buɗe taga ta wajen gida.

Sau ɗaya tak na ga Paco yana kiɗa. A watan Yulin 2013 ne, cikin azumi, a bikin jaz na garin Vitoria can arewacin ƙasar. Maestro ƙafa ta hana shi tafiya, sai ya ce in tafi da jikansa in zo in ba shi labari. Muka kwana a mota muka ratsa Sifaniya daga gindi zuwa kai. Rana ba ta faɗuwa a can sai wajen goma saura, don haka a cikin zauren wasannin da aka yi taron na sha ruwa, da dabino uku da na ƙunsa a aljihu, Chick Corea yana kan dandali da ƙungiyarsa. Bayan an huta sai ga shi ya fito shi kaɗai, farar riga da baƙar falmaran, ya zauna ya ɗora ƙafa kan ƙafa, ya ɗan gyara tsirkiya. Dubban mutane suka yi tsit har kana jin numfashin na kusa da kai. Bai yi gudu ba da farko. Ya riƙa ajiye sauti ɗaya-ɗaya, yana barin kowanne ya mutu kafin ya kawo na gaba, idonsa a rufe, fuskarsa kamar mai ɗauke da kaya. Daga baya sauran suka shigo, da mai akwati, da mai bes ɗan Kyuba Alain Pérez, da Antonio Serrano mai busa harmonika, da mawaƙa da mai rawa. A ƙarshe Corea ya dawo ya zauna a piyano, suka yi ta miƙa wa juna suna murmushi, tsofaffi biyu da ba wanda ke neman kayar da wani. Ban ga alamar ciwon kai a tare da shi ba a daren.

Wata bakwai bayan haka, ranar Laraba 26 ga Fabrairu 2014 da safe, ina kwance bayan wata talabijin, rediyon shago ya faɗa. Zuciyarsa ce ta buga a bakin teku a Playa del Carmen ta ƙasar Meksiko, inda yake hutu da iyalinsa. Shekararsa sittin da shida. Mai shagonmu ya sauke ƙofa rabi. Hukumar gari ta sa kwana uku na makoki. Aka kai gawar Madrid, daga nan aka kawo ta zauren hukumar Algeciras cikin dare, mutane suka yi layi har gari ya waye. Ranar Asabar 1 ga Maris aka yi masa addu'a a cocin La Palma da ke Plaza Alta. Ni ban shiga ba, na tsaya a dandalin ina riƙe da Maestro, wanda ya ce ko da rarrafe sai ya zo.

Da aka fito da akwatin gawar sai jama'a suka ɗauki tafi. Abin ya dake ni, domin a wurinmu ana raka mamaci ne da shiru da salati. Na juya in tambayi Maestro, sai na ga bai yi tafin ba, hannunsa ɗaya na kan sanda, ɗayan yana riƙe da damtsena. Yatsansa ne kawai ke motsi a jikin rigata. Na ƙirga: uku, shida, takwas, goma, sha biyu. A haka muka tsaya har aka wuce da shi tsohuwar maƙabartar garin.

Maestro bai shekara biyu ba bayan nan shi ma ya bi. Matarsa ta aiko jikan da faifan nan na San Francisco, ta ce ya bar wasiyya a ba ni. Yana shagona yanzu, kuma har yau da shi nake gwada duk abin da na gyara mai lasifika biyu. Mai karatu, in ka nemo kiɗan farko na faifan a wayarka, kada ka ji shi da abin kunne ɗaya, sa duka biyun. Na dama Al Di Meola ne, na hagu Paco ne ɗan Lucía.